Kasuwar Gwiwa

Mu biyar a benci guda, ran Talata,
a ƙaramin asibitin Dadin Kowa,
huɗunmu mun naɗe wando har cinya
kamar masu shirin tsallake Gongola.

Rifkatu ta fito, 'yar Kaltungo,
farar rigarta ta sha bula.
Ta ce, "Yau kasuwar gwiwa ce ta ci?"
Muka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Ta fara da Bappayo, manomin shinkafa,
mai tsayuwar fadama tun asuba,
ruwa iya gwiwa har rana ta take.
Jajayen ƙuraje sun yi masa zobe
daidai inda ruwan ke tsayawa.
Ta ce, "Mai ciyar da kai ne ke cizonka.
In ka fito ka goge, kada ya bushe a jikinka."
Ya ce, "Ni da na zaci jifa ce."
Ta ce, "Wa zai bar buhunanka ya jefi gwiwa?"

Sai Gidado, ɗan aji huɗu,
tusar jaki uku a kan ƙoƙo,
ta huɗu na leƙowa.
Ta laluba aljihunsa, sai ga reza.
"Kana yanka, tana haihuwa.
Bar min ita nan, zan ba ta sallama."

Mai tifa bai iya zama ba,
yana susa kamar mai kaɗa garaya.
Ƙazuwa ce, tun daga tsakanin yatsu
har lungun da ƙafa ke lanƙwasawa.
"Ba ta cin tuwo ita kaɗai," in ji Rifkatu,
"kawo min gidanka duka,
a tafasa zannuwa, tabarma ta sha rana."

Dada kuwa ta ce sai bayan labule.
Murya kawai muke ji:
sabon sabulu ne, mai ƙamshin furanni,
ɗanta ya aiko daga Ikko,
fata ta ƙi shi, zuciya ba ta ƙi ba.
"Koma wa sabulun salo da man kaɗe, Dada."
Shiru.
"To, in ajiye shi a akwati ina shinshinawa?"

Ni ne na ƙarshe.
Ban da ƙaiƙayi, ban da ruwa,
sai baƙar kanta kamar ta raƙumi
da kumburi ɗaya ya kai lemon tsami.
Ta danna. Na cije.
"Sana'a?"
"Tayal nake shimfiɗawa."
"Shekara nawa?"
Na ƙirga da gidaje, ba da watanni ba:
na Tumfure, na Bolari,
dogon falon nan na Jekadafari
da na rarrafa daga bango zuwa bango
sau ɗari, da igiya da guduman roba.
Yau in na je karɓar cikon kuɗina
daga bakin ƙofa nake tuɓe takalma.

Ta ce, "Shekara ashirin da biyu kana durƙuso,
ko mai neman gafara ai yana tashi.
Sa soso a ƙarƙashinsu.
Kada ka matsa, kada ka bari a tsaga.
In ya yi ja, ya ɗau zafi,
kada ka jira wata Talata."

A tasha na sayi yankin tsohuwar katifa,
na raba shi biyu, na ɗaure da tsumma.
Da dare Ummita ta hau ƙafata,
tana taɓa kumburin da ɗan yatsa:
"Baba, me ka ɓoye a ciki?"
Na ce, kuɗin makarantarki ne.

Ta ɗora kunne tana saurare.
Ƙasan ɗakinmu daɓen siminti ne,
ya tsage a wuri uku.
Gobe akwai aiki a Kwadon.